Rufin da Tiopira Ya Bari

A ƙasan magudanar, daidai inda ƙusa ta kuskure katako ta bar huda a rufin, akwai ɗan ɗigon gansakuka da bai fi ƙwayar wake ba. Ya manne da siminti, kore shar har yana neman komawa baƙi, ruwan zafi na bi ta kansa bai motsa shi ba. Mihiata ta gan shi ne a wuce, don ta sunkuyar da kai tana neman inda za ta ajiye idanunta. Gwaggonta Ngahuia ce tsaye a gabanta da dogon buroshi a hannu, ta tare hanya.

"Ina za ki?"

"Yau ranar gidanmu ce ta wanke bahuna, Whaea." Haka ake kiran gwaggo a harshensu.

"An cire gidanku."

Ba ta ɗaga murya ba. Ngahuia yayar mahaifin Mihiata ce, kuma tun kafin a haifi yarinyar ita ke raba wa gidaje ranakun wanki a wurin nan. Ta ce dattawa sun zauna, an ce kada ta ƙara kusantar marmaron ko magudanar har sai an yi babban zama an duba maganarta. Idan wanka take so, ai akwai famfo a gidansu kamar na Turawan da ta saba da su.

Daga cikin bahon farko Parehuia, 'yar Ngahuia, ta ɗago kai, hannayenta sun yi kore har gwiwa da narkakkiyar gansakuka.

"Bar ta ta zo mana, Mama. Dokta, zo ki ga 'ya'yanki. Kin yaye su sun ƙi zama wuri ɗaya."

Matan da ke ɗauraye bokitai suka yi dariya, amma ba wadda ta kalle ta. Mihiata ta juya da bokitinta, tururi na bin ƙafafunta, warin farar wuta ya cika mata hanci kamar kullum.

Ruwan nan shi ne garin. A can sama yake tafasowa daga ƙasa, inda ake jefa masara a cikin jakar raga a ciro ta dafaffiya. Daga nan doguwar magudanar siminti ke ɗauko shi yana hucewa a hanya, har ya zuba cikin bahunan da kowa ke wanka safe da yamma, maza a gefe, mata a gefe. Tun da aka san magudanar, ƙasanta a shimfiɗe yake da gansakuka kamar darduma, mai launin ruwan lemo a sama inda zafi ya fi, kore a ƙasa, kuma ruwa na isowa garau har kana ƙirga yatsun ƙafarka. A cikin baho na biyu aka yi wa Mihiata wankan farko, a tafin hannun mahaifinta. Shi ya rasu tana sakandare, mahaifiyarta kuwa daga arewacin tsibirin da garin yake aka auro ta, don haka duk abin da ya haɗa Mihiata da ruwan nan ta hannun Ngahuia yake bi.

Tun ƙarshen hunturu dardumar ta fara sakin siminti. Ta riƙa ɗayewa tsumma-tsumma, daga baya ta narke gaba ɗaya, ruwa ya koma zuwa a dame, kore mai yauƙi. Tawul ya ɓaci, gashin tsofaffi ya ɗauki launi, wata kaka ta zame a baho ta bugu a ƙugu. Kuma kowa ya san abin da ya faru a hunturun.

Da Mihiata za ta fara bincikenta a jami'a, ta je wurin Koro Hemana, babban dattijon garin, ta roƙi a bar ta ta ɗebi kwalba ɗaya ta ruwan magudanar. Ya amince, ya yi addu'a a bakin marmaron, ya kafa mata sharaɗin da ake kafa wa kowa: abin da aka ara a wurin ruwa, a dawo masa da shi. Ta riƙe alkawari. Da ta zo gida zaman makokin Tiopira, mijin Ngahuia, ta taho da kwalbar, ta juye ta a magudanar a gaban Koro da wasu mata. Ba a jima ba ruwa ya lalace. Sai garin ya ce ta kai ruwan kakanninta ɗakin gwaji an cakuɗa shi da abin da ba a sani ba, ta dawo ta zuba musu.

Tana da amsa, amma ba ta iya faɗa. Dokar ɗakin gwaji ba ta barin a mayar da abu mai rai cikin ruwan daji, don haka kafin ta taho sai da ta saka kwalbar a tukunyar tururi da ake kashe ƙwayoyi da ita. Abin da ta juye a gaban Koro ba shi da sauran rai, ba zai iya ɓata ko da cokalin ruwa ba. Amma faɗin haka na nufin ta tsaya a gaban tsohon ta ce ya ba ta aron abu mai rai, ta dawo masa da gawa, ya yi wa gawar addu'ar maraba bai sani ba.

A hanyar gida ɗigon nan ya dawo mata. Ta tsaya cak a gefen shingen, ta waiwaya ta kalli rufin.

Tiopira ne ya yi shi a kaka, lokacin ciwo ya riga ya cinye masa rabin jiki. Shekara da shekaru yana kallon matarsa tana tsince ganyen itacen manuka daga magudanar a cikin ruwan sama, sai ya ce ba zai tafi ya bar ta tana jiƙewa ba. Ya sayo kwanon roba mai shigar da haske, kore don shi ne launin da take so, ya rufe magudanar daga sama har ƙasa, yana buga ƙusa yana zama ya huta. Garin ya yi ta yabon aikin. Duk wanda ya shiga ƙarƙashinsa sai fatarsa ta koma kore-kore, yara na gudu ciki suna cewa sun zama ƙadangaru. Ranar jana'izarsa sai da aka tsaya da akwatin gawar a bakin rufin kafin a wuce maƙabarta.

Mihiata ta shafe shekaru tana leƙen waɗannan halittu a madubin ƙara girma. Abin da garin ke kira gansakuka tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ke ci daga haske, kuma kowace ƙwaya na da wani abu kamar ido da ke bambanta launi da launi. Hasken rana gauraye yake da launuka kamar na bakan gizo. Idan shuɗin cikinsa ya same su, sun san suna sama, ba abin da ya raba su da sararin samaniya, sai su fitar da zare mai danƙo su riƙe juna, su kama dutse. Waɗanda aka danne a ƙasa kuwa kore kawai ke isa gare su, don na sama sun shanye sauran, kuma koren ke gaya musu wuri ya cika, su saki hannu ruwa ya kai su gaba. A ɗakin gwaji ta sha kunna musu koriyar fitila ta ga dunƙule ya warware. Rufin nan ya shafe watanni yana gaya wa magudana guda cewa an binne ta. Ɗigon da ke ƙarƙashin hudar ƙusa ne kaɗai bai ji wannan labari ba.

Da ta gaya wa mahaifiyarta suna shan shayi, matar ta ajiye kofi a hankali. Ta ce ita baƙuwa ce a garin nan har gobe, kuma ba ruwanta da ƙwayoyi masu ido, amma ta san abu ɗaya: ba a taɓa aikin hannun mamaci kafin a yi bikin yaye lulluɓin dutsen kabarinsa, balle aikin da ya yi wa matarsa. Ta roƙe ta ta yi shiru, ta ba da haƙuri a zaman, ta karɓi laifin da ba nata ba, bayan shekara ɗaya ko biyu za a manta. Mihiata ta ce idan ta karɓa ruwan ba zai gyaru ba, kuma muddin bai gyaru ba ba wanda zai manta.

Ta gwada bi ta hanyar da ta dace. Ta sami Parehuia a wurin akwatin tururi, inda ake dafa abinci da tururin da ke fitowa daga ƙasa, tana ciro tukunyar dankali da naman rago, ta fara yi mata bayani cikin ƙaramar murya, tana kallon ƙasa. Ba ta kai ga rabin zancen ba Parehuia ta dire tukunyar.

"Wato yanzu Babana ne."

"Ban ce shi ba ne. Launin robar ne."

"Robar ce ta hau tsani ta buga kanta? Mutum yana aman jini yana yi wa garin nan aiki, ke kina can kina wasa da kwalabe. Ranar da ya cika ma sai da aka kira ki sau nawa?" Ta ɗauki tukunyar ta matso har Mihiata ta ji zafinta a ciki. "Ki sake sa shi a bakinki, Dokta, ki ga yadda ake wanka a marmaron sama."

Ranar Asabar garin ya watse zuwa birnin Rotorua kallon wasan zari-ruga na yara. Da rana tsaka Mihiata ta ɗauki tsanin mahaifinta da gudumarsa ta gangara. Ta zaɓi wajen da ruwan ya huce daidai yadda ƙwayoyin ke so, ta hau. Ƙusoshin ba su shiga sosai ba, wasu a karkace, wasu an buga an fasa an sake bugawa a gefe. A kusurwar kwanon akwai shatin babban yatsansa da fenti. Ta cire falle ɗaya tak, ta jingine shi a shinge, ta jera ƙusoshin a kan katako. Rana ta faɗa cikin ruwan, fara tas, mai kusurwa huɗu.

Kafin magariba labari ya zagaye garin. Samari biyu suka ɗauko guduma za su mayar da kwanon, sai Koro Hemana ya hana. Ya ce a bar komai yadda ta bar shi, kada a taɓa ko ƙusa, domin ranar zama kowa ya zo ya ga abin da 'yar gidan nan ta yi da idonsa, kada a ce an yi mata ƙage. Ya kuma ce a wurin za a zauna, ba a zaure ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi tsawo. Aka ciro tukunyarsu daga akwatin tururi aka ajiye a ƙasa, naman bai dahu ba. Mai shago ta riƙa miƙa wa mahaifiyarta burodi ba tare da ta ɗago ido ba. Wani ya watsa bokitin koren ruwa a ƙofar gidansu, ya bushe ya bar tabo. Mihiata ba ta fita, sai dai ta zauna a taga tana kallon sama, ga shi kuma hadari ya rufe, yayyafi ba ya ɗaukewa. A ɗakin gwaji tana da fitila da agogo da ma'aunin zafi. Nan ba ta da komai, ba ta ma da ikon zuwa ta leƙa. Ta fara tunanin ko ta yi kuskure, ko dai akwai wani abu a ruwan da ba ta sani ba, ta taɓa aikin mamaci a banza. Ta taga ta kan hango Ngahuia kowace safiya tana bin magudanar da buroshi. Idan ta iso wajen giɓin sai ta ɗauke kai ta wuce da sauri, ruwan sama na sauka a kafaɗarta a daidai wurin.

Ranar zaman, gari ya waye da rana. Aka jera kujerun roba a kan ciyawa, tsofaffi a gaba da barguna a gwiwa. Aka sa Mihiata ta tsaya nesa da ruwan, mahaifiyarta a bayanta. Koro ya buɗe da addu'a, ya ambaci matattu, ya ambaci Tiopira, ya daɗe a kan sunan. Sannan ya dogara sandarsa ya taka zuwa giɓin don ya nuna wa jama'a ɓarnar. Ya ɗaga sandar zai nuna sama, sai idonsa ya faɗa ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Mutane suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya.

A ƙasan magudanar akwai shimfiɗa mai duhun kore, siririya tukuna, amma a manne, faɗinta faɗin kwanon da aka cire, ta ɗan zarce ta ɓangaren da rana ke karkata. Gaba da ita siminti tsirara, baya da ita siminti tsirara.

Parehuia ce ta fara magana. Ta ce wannan ba komai ba ne, wa ya sani ko ta lallaɓo ta sake zuba wani abu daga kwalabenta. Wanda ya ɓata ruwa sau ɗaya ai ya san yadda zai yi masa kwalliya. Wasu suka gyaɗa kai. Koro ya juyo ya ce Mihiata ta matso ta yi magana.

Muryarta ba ta fita sosai, sai da wata tsohuwa ta ce ta buɗe baki, ba da kwalba take magana ba. Ta faɗi abin da ta sani a taƙaice, shuɗi da kore, riƙe hannu da sakin hannu. Ta nuna musu ɗigon da ke ƙarƙashin hudar ƙusa, aka duba aka samu wasu irinsa a gaba, kowanne da hudarsa a sama. Wani dattijo ya ce to, ko da haka ne, wa zai ce ba abin da ta zuba ne ya fara raunana su ba? Ya za a yi a raba wannan da wancan?

Mihiata ta waiwaya ta kalli mahaifiyarta. Matar ta girgiza kai kaɗan.

"Abin da na zuba ba zai iya ba, Koro. Na dafa shi kafin in taho. Ba sauran mai rai a ciki."



"Kin dafa shi," in ji Koro.

"Doka ce a can."

"Na tsaya a nan na yi masa sannu da zuwa gida. Kina gefena." Ya kalle ta daga sama har ƙasa kamar yana neman fuskar ubanta a jikinta bai samu ba. "Da kin gaya mini, da addu'ar da zan yi daban ce."

Parehuia ta yi wata gajeriyar dariya, ta ce ga shi nan, ta kashe na kwalba, yanzu kuma ta zo ta tone na kabari. Ba wanda ya taya ta dariyar, amma ba wanda ya tsawata mata.

Duk wannan lokaci Ngahuia na zaune a kujerar gaba, buroshinta a kwance a kan cinya. Ta miƙe. Mutane suka buɗa mata hanya. Ta tsaya a bakin giɓin, ta zura buroshin cikin ruwa ta ɗora shi a kan shimfiɗar, kuma Mihiata ta tabbata kankare ta za ta yi, ta san kuma ba mai hana ta. Ngahuia ta tura sau ɗaya. Buroshin ya turje. Ta sake turawa a hankali, yadda mutum ke taɓa haƙorin da ke masa ciwo. Gefen ya ɗan ɗaye, tsakiyar ta riƙe. Ta tsaya a haka, rana a bayan hannayenta, sauran jikinta a cikin koren inuwa.

Koro ya yi gyaran murya. Ya ce maganar ɓata ruwa ta faɗi, ba za a hana 'yar gidan nan ruwan ubanta a kan abin da ba ta yi ba, a mayar da gidansu cikin masu wanki. Maganar kwalba kuwa tsakaninsa da ita ce, kuma ba yau ba, don yau ba ya son ganinta a ƙofarsa. Ya ɗaga kai ya kalli dogon rufin har inda ya ɓace a cikin tururi. Ya ce sauran magana ba tasa ba ce, ba ta kowa ba ce a nan sai mutum ɗaya.

"Mama," in ji Parehuia, "ce musu su mayar da shi. Ga guduma nan."

Ngahuia ba ta juyo ba. Ta saki buroshin, ya kwanta a gefen magudanar, ƙotarsa a cikin ruwa. Ta tattara ƙusoshin da ke jere a kan katako ɗaya bayan ɗaya ta zuba a aljihun rigar sanyinta. Ta je shinge ta ɗaga kwanon. Ya fi ta tsawo, iska na kaɗa shi, wani saurayi ya miƙa hannu zai taimaka, ta kauce masa. Ta juya shi har kusurwar mai shatin yatsa ta dawo wajen ƙirjinta, ta rungume shi a kaikaice.

Ta bi ta gaban Mihiata, kusa har gefen robar ya goge mata hannu, ba ta kalle ta ba. Ta haura ta hanyar gida, ƙasan kwanon yana jan tsakuwa, tururi yana rufe ta yana buɗewa, har ta sha kwanar shagon.